Tabilet mai araha: kafin ka miƙa kuɗinka, buɗe shafi ɗaya ka gani

A watan Oktoban bara, ranar da kwasar adashen malaman makarantarmu ta faɗo kaina, ko gida ban biya ba. Ana tashi daga aji na tare kabu-kabu, sai wani shagon saida salula a nan Maradi. Na daɗe ina son tabilet. Shekara tara ke nan ina riƙe da alli, kuma duk shirin darasi a salula nake yin sa, ina matse ido, ina jan shafi dama da hagu kamar mai tsintar tsaba a cikin yashi.

Mai shagon ya ɗauko wani kwali mai ƙyalli ya dire a gabana. Ya ce, "Mushe, wannan sabon sauka ce. RAM jiga 16, cikinta jiga 512, layi biyu. Ga kibod, ga biro, ga abin kunne, ga katin memori, duk kyauta." Ya yi mata kuɗi jika 45, na taya, ya sallama a 42. Na fito ina jin na yi wayo.

Sati uku aka yi ana zaman lafiya. Daga nan ta fara cewa cikinta ya cika, alhali abin da na zuba bai kai jiga 10 ba. Sai na kwashe takardun shirin darasina na aji shida, na zangon farko gaba ɗaya, da hotunan makin yara, na mayar cikin katin nan na kyauta. Ana saura kwana huɗu hutun Disamba na buɗe, sunayen takardun suna nan, amma ko ɗaya ba ta buɗuwa. Wani mai gyara da na kai wa ya dudduba, ya ce ainihin RAM ɗinta jiga 2 ne, cikinta 16, katin kuma na bogi ne. Ya yi dariya ya ce, "Mushe, ai kwali ka saya, tabilet ɗin ce kyautar."

Hutun nan kaf a sake rubutu ya ƙare. Tun daga lokacin na shiga bin diddigin waɗannan na'urori, ina karɓar na abokan aiki ina gwadawa, ina zama wurin masu gyara ina tambaya. Abin da na fahimta a taƙaice shi ne, tabilet mai araha tana iya yi wa mutum aiki shekara da shekaru, amma fa sai in ya zaɓe ta da abin da zai buɗe a cikinta, ba da lambobin da aka buga a bayan kwali ba.

Wane irin karatu za ka yi?

Kowa ka tambaya sai ya ce maka don karatu da ɗan kallo yake so. To amma karatun ma iri-iri ne, kuma kowanne da abin da yake bukata.

Akwai rubutun da ke bin faɗin gilashi. Littattafan hikaya na Hausa da ke yawo a WhatsApp da Wattpad, da labaran jaridu irin wannan da kake karantawa, duk in ka ƙara girman harafi layukan ne za su sake jeruwa da kansu. Mai irin wannan karatu ba ya bukatar babbar tabilet. Mai inci 8 ko 9 ta ishe shi, ta ma fi masa, don da hannu ɗaya ake riƙe ta ko mutum yana kishingiɗe.

Akwai kuma PDF, wanda shi shafinsa a daskare yake kamar hoto. Littattafan makaranta, tsofaffin tambayoyin jarrabawar BEPC da BAC, takardun jami'a, da littattafan addini na Larabci da aka ɗauka a hoto, kusan duk a haka suke zuwa. A nan girma ba ado ba ne. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne. Gilashin tabilet mai inci 8.7 in ka tsayar da ita faɗinsa bai wuce santimita 11 da ɗoriya ba, ka ga shafin ya tsuke zuwa kusan rabi. Na mai inci 11 kuwa ya kusa santimita 15, wato shafin zai fito da kusan kashi 70 cikin ɗari na girmansa. Wannan bambanci shi ne tsakanin wanda zai karanta shafi a zama ɗaya da wanda zai wuni yana buɗa yatsu yana tsukewa.

Sai kallo: Labarina, Izzar So, Daɗin Kowa, wa'azi, ƙwallo, da zane-zanen yara. Kallo ya fi son faɗin gilashi da lasifika mai ƙarfi, musamman in gida guda za a taru a kai bayan sallar isha'i.

Saboda haka kafin ka fita daga gida, ka tambayi kanka wanne daga cikin ukun nan zai ci mafi yawan lokacinka. Ka kuma ba kanka amsa ta gaskiya. Da yawa mun saya da sunan karatu, ta koma talabijin ɗin tsakar gida.

Gilashi shi ne tabilet

Duk abin da ke fitowa a gilashi ɗigo-ɗigo ne ƙanana aka jera. In ka ga an rubuta 1280 x 800, ko 1920 x 1200, adadin ɗigon ake nufi a tsaye da a kwance. Amma lambar kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa ta da girman gilashin. Ɗigo 1280 x 800 a kan inci 8 rubutu yana fita tsaf. In aka shimfiɗa wannan adadi a kan inci 10, kowane inci ɗigo 150 kawai zai samu, sai ka ga gefen haruffa kamar bakin zarto. Ɗigo 1920 x 1200 a kan inci 11 kuwa ya haura 200 a kowane inci.

Mai kallon fim ba lallai ya damu da wannan ba. Mai karatun Larabci ko ajami shi ne zai ji a jikinsa, domin wasulla da ɗige-ɗigen haruffa su ne farkon abin da ke dusashewa. Na ga wani malamin makarantar allo yana duba Alƙur'ani na ruwayar Warshu a wata babbar tabilet mai ƙarancin ɗigo, sai da ya riƙa kusantar da ita har hanci kafin ya rarrabe wasu alamomin. Ƙa'idar da na riƙe ke nan: in ta kai inci 10 ko ta wuce, kar ta gaza 1920 x 1200, in dai don karatu ne.

Ka kuma karkata ta gefe ka gani. Gilashi mai kyau hotonsa ba ya canzawa ko daga gefe aka kalla. Maras kyau da ka ɗan juya shi sai launi ya birkice, wanda ke zaune a gefe ba abin da zai gani sai inuwa. Sannan ka rage haskenta zuwa ƙarshe. Wasu ko an kai su ƙasa suna kashe ido a cikin duhu, kuma mu nan yawancin karatunmu na dare ne.

Lambobin bayan kwali

RAM kamar teburin aiki ne, shi ke nuna yawan abin da na'ura za ta iya buɗewa a lokaci guda ba tare da ta shaƙe ba. Jiga 2 a yau wahala ce. Jiga 3 a lallaɓa. Jiga 4 shi ne daidai ga mai karatu da kallo. Ka lura da salon nan na rubuta 4+4 a ce maka 8 ne. Huɗun farko ne na gaske, na biyun aro ake yi daga ma'ajiya, kuma ba ya da saurin na ainihi.

Ma'ajiya kuwa, jiga 64 ya wadatar. Ka sani manhajar da ke tafiyar da na'urar tana cinye wani kaso tun kafin ka zuba komai, don haka mai jiga 32 ba ta daɗewa take cika. Littattafai ba sa cin wuri sosai, bidiyo ne ke ci. Shi ya sa ramin katin memori ke da muhimmanci, amma katin ma a saye shi daban, a wurin wanda aka yarda da shi. Na bogi an ƙera shi ne ya riƙa nuna girman da ba shi da shi. In ka zuba abin da ya fi ƙarfinsa ba zai ce ya cika ba, zai ci gaba da karɓa yana lalatawa. Abin da ya cinye mini zango guda ke nan.

Yaya za a gane ta bogi? Da farko dai farashi. In aka ce maka RAM 16 da ma'ajiya 512 a kuɗin da bai kai na ƙaramar salula mai suna ba, to ka san da walakin. Na biyu, yawan kyauta. Kamfanin da ya yarda da kayansa ba ya cika kwali da tarkace don ya ɗauke maka hankali. Na uku, shiga Play Store, ka je saituna, ka duba wurin bayani game da manhajar. A can ƙasa ana nuna ko Google ya tantance na'urar ko bai tantance ba. Kar ka dogara da abin da saitunan tabilet ɗin kanta suka nuna, domin nan ne ake fara sauya lambobi. Manhajoji irin su CPU-Z suna taimakawa, ko da yake su ma wani lokacin ana ruɗar su. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a tura mata manyan bidiyo har su haura jiga 20, a ga ko za ta ɗauka.

Batir, wuta da zafin bazara

Wanda ke zaune inda wuta ke zuwa tana tafiya, ko ƙauyen da sai an kai caji shagon mai sola, batir ne rabin cinikinsa. Ƙananan tabilet na kamfanonin da aka sani batirinsu yana kai mAh 5,000, manyan kuma 7,000 zuwa 8,000. Karatu ba ya shan batir kamar kallo, musamman in an rage haske an kashe intanet. Amma babban batir yana da nasa sharaɗi. Mai 8,000 da ke caji da wat 10 ba zai cika a ƙasa da awa 3 ba, ka ga in wutar unguwarku ba ta daɗewa, sai ka sa wannan a lissafi.

Ka nemi mai ramin caji irin na USB-C, wanda ake sokawa ta kowane gefe. Tsohon ramin nan siriri shi ne abin da ya fi kai tabilet ɗin yara wurin gyara.

Sai zafi. Batiran waɗannan na'urori ba sa shiri da zafin da ya wuce digiri 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu sama da 40 muke kwana muna tashi. Kar a bar ta cikin but ɗin babur, ko kan taga, ko a yi caji tana ƙarƙashin matashi. In ka ga bayanta ya fara tasowa, ko gilashin ya ɗago daga gefe, batir ne ya kumbura. A daina amfani da ita nan take, a kuma nisanta ta da yara.

Mai layi ko maras layi?

Nan ne mutane da dama ke faɗawa. Yawancin tabilet masu araha da aka yi don kasuwar Turai da Amurka ba su da ramin layi, Wi-Fi kawai suke kamawa, domin can kusan kowane gida da shi. Mu kuwa intanet ɗinmu a layin waya yake. Ana iya jona ta da salula ta hanyar raba intanet, amma hakan na shanye batirin salular, kuma duk ranar da mai salula ya fita, tabilet ta zama kurma.

Sai dai rashin layin ba kullum yake zama aibi ba. In don yara ko ɗalibi za a saya, maras layi ta fi kwanciyar hankali. Ka zuba mata abin da kake so, ka miƙa, ba wanda zai shiga inda ba a aike shi ba.

Akwai kuma tabilet ɗin Amazon da ake kira Fire, waɗanda ke shigowa a kwance ko ƴan uwa su aiko daga waje. Suna da araha ƙwarai, Fire 7 ta shekarar 2022 dala 60 aka sa mata a Amurka, kuma jikinsu na da ƙwari. Amma a san abin da aka saya. Ba su da ramin layi, ba sa zuwa da Play Store, nasu kantin manhajoji ne daban, kuma ba duk abin da ka saba da shi a salula za ka samu a ciki ba. Masu gyara suna iya sa musu Play Store ta bayan gida, amma ba haka kamfanin ya tsara su ba. In kuma kwance ce, a tabbatar an cire asusun mai ita na farko.

Kindle kuwa wani abu ne daban. Gilashinta kamar takarda yake, ana karatu da ita ko a tsakiyar rana, kuma caji ɗaya yana kai makonni. Ga mai karanta hikaya zalla babu kamarta. Amma ba a kallon fim da ita, kuma ƙaramar inci 6 ce, PDF a cikinta azaba ne.

To wacce za a ɗauka?

Farashi yana motsi da canjin kuɗi da hanyar da kaya suka biyo, ko ta Kano ko ta Dubai ko ta Lome, don haka ba zan yanke kuɗi a nan ba. Zan dai kawo misalai don a san ajin da ake magana.

Ga mai karatun hikaya da labarai, mai yawan tafiya, akwai ƙananan irin Samsung Galaxy Tab A9 ta 2023. Inci 8.7 ce, RAM jiga 4, batir 5,100, nauyinta kusan giram 330, kuma akwai mai layi. Lenovo Tab M9 ma a wannan aji take, haka Redmi Pad SE ƙarama mai inci 8.7.

Ga malami, ɗalibin jami'a, mai shirin BAC, da mai bitar littattafan addini, sai masu inci 11 da ɗigo 1920 x 1200. Akwai Galaxy Tab A9+ mai lasifika huɗu da batir 7,040. Akwai Redmi Pad SE babba mai batir 8,000, amma ita Wi-Fi kawai take kamawa. Akwai Infinix Xpad ta 2024 mai batir 7,000 wadda ke da mai layi. Nauyin waɗannan ya kusa rabin kilo, ba a daɗe ana riƙe su da hannu ɗaya.

Tecno da Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Abin da ke jan mutane gare su shi ne masu gyaranmu sun saba da kayansu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafin ka sayi kowace iri, ka leƙa wurin mai gyara ka tambaye shi, in gilashinta ya fashe ana samu, kuma nawa ne? Tabilet ɗin da ba a samun gilashinta, faɗuwa ɗaya ce tsakaninta da kwandon shara.

In kuɗin bai kai ba fa? Ni dai shawarata a ƙara haƙuri wata biyu ko uku a cika, ko a nemi kwance mai suna a gwada ta da kyau. Araha ba ta ado. Jika 42 ɗin da na zubar, da na haɗa da na kwasa ta gaba, da tun farko na sayi ta kirki.

Minti goma sha biyar a shago

Kar ka je hannu sake. Ka tafi da PDF ɗin da ka fi amfani da shi a salularka, da shafi ɗaya na Larabci mai wasulla, da bidiyo guda. A tura su cikin tabilet ɗin a gabanka. Buɗe shafin, ka karanta shi daga sama har ƙasa ba tare da ka ƙara girma ba. In ka fara matse ido, ba taka ba ce. Juya shafuka da sauri ka ga ko tana tsayawa tunani. Kunna bidiyon ka ƙure murya. Sa layinka ka ga ta kama. Soka caja ka ɗan girgiza wayar. Buɗe farin shafi ka nemi tabo ko layi a gilashi. Ka gwada rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, domin Gboard yana da Hausa, kuma tabilet ta gaskiya ba za ta ƙi shi ba.

Mai shagon da ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ka yi masa sallama cikin mutunci. Wanda ya yarda, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin da ya amince a dawo da ita. Ka kuma ware kuɗin riga da gilashin kariya tun a ranar.

Bayan an kawo ta gida

Zaɓe na ƙarshe ba a shago ake yin sa ba, a tsakar gida ne. A cikin tabilet ɗaya littafi da fim suke zaune, kuma kowa ya san wanda ke kayar da wani in aka bar su su biyu. Ina ganin haka a aji. Yaron da ya kwana kallo ba sai an faɗa maka ba, kansa ne ke lilo tun ƙarfe tara.

Ga dabarun da suka yi mini amfani. Ka cika ta da abin karatu tun kafin ka miƙa wa kowa. Kiwix yana sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba intanet. African Storybook yana da gajerun labaran yara da Hausa da Faransanci kyauta. Family Link na Google yana ba uba ko uwa damar ƙayyade lokaci da rufe manhajar da ba a so. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kar a zaunar da shi gaban gilashi, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a yini. Babba ma ya riƙa ɗaga kai duk bayan minti 20 ya kalli nesa, ido ya huta.

Abu na ƙarshe, wanda na koya da tsada: duk takardar da ba ka son rasawa, ka ajiye ta wuri biyu. Ka tura wa kanka ta imel, ko ka sa a wata na'urar.

Yanzu ina da mai inci 11, maras layi, wadda na saya bayan na zauna a shago na karanta shafi biyu na littafin lissafin aji shida, mai shagon yana ta kallona. A gidanmu doka ɗaya ce: daga magariba zuwa isha'i ta karatu ce, bayan isha'i uwargida da yara su ɗauki kashi ɗaya na fim ɗinsu, sannan ta kwana a ɗakina. Ran nan ƴata ta fari, mai shekara takwas, ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Baba, labarin nan na jiya ya ƙare, akwai wani?" Na ce akwai. Tsohuwar kuwa tana nan cikin kwalinta a saman kabad, da kibod ɗinta da bironta. Duk abokin aikin da kwasar adashe ta faɗo kansa, ita nake fara ɗauko masa ya gani.